Tawul ɗin Bikin Vasile

Tun da na dawo daga Moldova ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a wajen jiran mota a Lugbe, duk wadda ta gan ni sai ta ce, "Ruƙayya, yaya ƙasar take? Wai ma a ina take?" Nakan ce akwai sanyi, akwai inabi, mutanen kuma suna da kirki. Duk gaskiya ne, amma ba shi ne abin da ya biyo ni gida ba. Ƙawata Maryam ce ta gaji da wannan amsar, ta ce in zauna in rubuta kowa ya huta. To ga shi. Wadda ta zo neman labarin dogayen gine-gine da kantuna ta yi haƙuri.

A ma'aikatarmu ina sashen da ke kula da mutanen da suka gama zaman gidan yari, kuma a kan wannan aikin ne aka kira wani taro a Moldova. Oga ne ya kamata ya je. Da ya duba taswira ya ga ƙasar ba ta kusa da ko ɗaya daga cikin biranen da yake so, sai ya tuna cewa ya kamata a riƙa ba matasa dama.

Ana gobe zan tashi Kawu Bala ya zo daga Karshi yi mini sallama. Ƙanin mahaifiyata ne, manomi, mutum marar yawan magana. Abin da na taso na ji game da shi shi ne ya yi shekaru yana kasuwanci a Kamaru, ya dawo ba ko sisi. Kamar kullum, ya tsaya a bakin ƙofar falo duk da tana buɗe, bai shigo ba sai da Mama ta ce, "Bala, shigo mana." Ya kawo mini kilishi da ƙullin yaji. Da na gaya masa abin da za mu tattauna a taron sai ya ce, "Allah ya sa a dace, 'yata." Mama ta yi maza ta tambaye shi yadda doya ta yi bana.

Daga Abuja, a Istanbul muka fara sauka, inda na yi dogon jira. A masallacin filin jirgin na haɗu da wata Hajiya 'yar Kano da ta zo sarin kaya. Da na ce mata Moldova zan je, sai ta dube ni da tausayi ta tambaya ko babu wanda ya tsaya mini a ofis ne. Ta ba ni dabino, ta ce in riƙe azkar.

A Kishinau, babban birnin ƙasar, jami'in shige da fice ya daɗe yana juya koren fasfona. Ya kira abokin aikinsa suka juya tare. Ba wulaƙanci a fuskarsu, kamar dai yara ne suka tsinci tsuntsun da ba su san sunansa ba. A wajen duba kaya aka karɓe kilishin Kawu, wai ba a shiga da nama. Yajin kuwa wata jami'a ta kwance ta kai hanci. Sai da ta yi atishawa har hawaye ya zubo, sannan ta ɗaure ta miƙo mini da sauri, tana mini alama da hannu in wuce.

A waje na tarar da mutum uku. Dorina, budurwar da za ta riƙa yi mana tafinta. Vasile, direbanmu, siriri mai kimanin shekara arba'in, wanda ya karɓi akwatina bai ɗaga ido ba. Sai wani ƙaton baƙar fata ɗan Amurka mai furfura a gemu, wanda jirginsa ya riga nawa sauka. Ya dafa ƙirji ya ce, "Sunana Raymond. Rabin ƙuruciyata a kurkuku na yi ta. Ke fa, ƙanwata?"

Na rasa inda zan sa idona. A wajenmu ko maƙiyinka ba ka gabatar da shi haka, balle kanka. Na lura Dorina ta fassara wa Vasile sunan kawai, ta bar sauran.

Kwanakin farko a otel muka yi su, ana ta jawabai. Raymond ne tauraron taron. In ya miƙe yana ba da labarin yadda ya shiga da yadda ya fito, sauran Amurkawan sukan tafa, wasu har da share hawaye. 'Yan Moldova kuwa sai su sunkuyar da kai suna wasa da biro, kamar an tuɓe riga a gabansu. Masu shirya taron sun yi ta neman ɗan ƙasar ko guda ɗaya da ya taɓa zaman gidan yari ya zo ya yi magana, ba su samu ba. Na tambayi Dorina dalili. Ta yi murmushi ta ce a ƙauyukansu ba wanda ya taɓa zuwa kurkuku, kowa Italiya ya je aiki.

Daga nan aka rarraba mu gidajen ƙauye don mu ga zaman mutane. Ni da Dorina da Raymond aka kai mu gidan Mama Vera, mahaifiyar Vasile. Lokacin tsinkar inabi ne, duk ƙauyen yana wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ganyaye sun yi ruwan zuma. Tsohuwar ta tare mu a ƙofa da burodi da gishiri. Ta kama kumatuna da hannu biyu ta yi ta magana, Dorina ta ce wai tana faɗa ne a kan wa ya bar ni na rame haka.

Ni aka ba babban ɗakin gidan, wanda ba a kwana a ciki sai an yi baƙo. Da na shiga sai na ji kamar ɗakin amaryar da ne a garinmu: darduma a jikin bango, matasan kai an jera su har kusa da rufi. A kan wani akwati kuma ga fararen tawul a ninke, tsibi guda, kowanne an yi masa ado da jan zare da baƙi, furanni da 'yan tsuntsaye. Dorina ta ce a al'adarsu ranar aure ana rataya wa manyan baƙi irin wannan tawul a kafaɗa. Waɗannan na bikin Vasile ne. Mama Vera ta yi ta ɗinka su da hannunta duk shekarun da ba ya nan. Yanzu ya samu mata, Liliya, ma'aikaciyar jinya daga wani ƙauye, kuma ranar Lahadi mahaifinta zai zo da danginsa a sa rana.

Abinci bai ba ni wuya kamar yadda na ji tsoro ba. Suna da wani abu da suke kira mamaliga, wanda tuwon masara ne sak, sai dai da zare ake yanka shi, a ci da cuku mai gishiri. Da na barbaɗa masa yajin Kawu sai ya zama ɗan gida. Matsalar giya ce. Kowane gida yana da tasa da ya haɗa da kansa, kuma ƙin karɓa kamar ƙin gaisuwa ne. Da Dorina ta yi bayanin addinina, Mama Vera ta fita, ta dawo da ruwan inabin da aka matse da safiyar nan. Daga ranar ta raba mini tukunya, kuma duk wanda ya nufo ni da kwalba sai ta daka masa tsawa.

Da yamma Raymond yakan zauna a kan benci a ƙofar gida, ni kuma in zauna nesa kaɗan muna hira. Na ce masa ina sha'awar yadda mutanensu ke tafa wa wanda ya faɗi ya tashi. Ya yi dariya, ya ce in bari sai na ga abin da ke biyo bayan tafin. Mutumin da ya rungume shi a zauren taro, in ya je neman hayar ɗaki a wajensa, sai ya bincika tarihinsa a kwamfuta ya ce an riga an kama ɗakin. Aiki ma haka. Ya ce a can kana da 'yancin faɗin abin da ka yi, amma babu mai mantawa, kuma babu ƙauyen da ke jiran ka. Duk da haka ya fi son hakan. Shiru, in ji shi, shi ne ke cinye mutum daga ciki.

A irin wannan hirar ce ya nuna Vasile da haɓa, ya ce in dube shi da kyau. Vasile yana tsaye a ƙofar kicin, ƙofar a buɗe, bai shiga ba sai da uwarsa ta yi magana. Raymond ya ce wanda ya daɗe inda sai an buɗe masa an ba shi izini, ƙafarsa ba ta mantawa. Ya ce in kuma lura da yadda yake kare kwanonsa da hannu in yana cin abinci. Wani abu ya taɓa ni a zuciya a lokacin, amma ban tsaya na dube shi ba.

Washegari a hanyar zuwa wata gonar inabi muka tsaya a wata rijiya. Rijiyoyinsu na bakin hanya suna da 'yar rumfa da moɗa a rataye don matafiya. Ina daga cikin mota na ga Raymond ya haɗa wuyan hannayensa biyu kamar mai ankwa, ya dubi Vasile. Vasile ya daɗe yana kallon gonaki, sannan ya ɗan gyaɗa kai. Suka raba sigari ɗaya. Ba su da yare guda, amma daga ranar kullum suna tare, kuma a ranar na fara jin dariyar Vasile.

Dorina ta gaya mini sauran a ɗaki. Fasa-ƙwaurin sigari Vasile ya yi a kan iyaka aka kama shi. Duk ƙauyen an sani. Maƙwabcinsu ne ya ba shi motar da yake ja, bai tambaye shi komai ba. In tsofaffi sun gan shi sukan ce yaya Italiya, ya ce lafiya. Har 'yan kalmomin Italiyanci ya koya, don kada ya kunyata masu rufa masa asiri. Na ce mata mu ma haka muke, mukan ce wane ya yi tafiya. Ya kamata a ce ɗaya daga cikinmu ta zaunar da Raymond ta yi masa wannan bayanin. Ita ta ɗauka ya gane, tunda ya kwana biyu a ƙasar. Ni kuma a ganina abu ne da kowane ɗan Adam ya sani.

Ranar Lahadi da hantsi aka jera tebura a tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi. Mahaifin Liliya, Malam Petru, tsohon malamin makaranta ne, ya zo da 'yan'uwansa maza da matansu. Ya gaisa da Vasile da hannu biyu. Liliya ta zauna kusa da ni, mace mai sanyin murya, ta yi ta shafa bakin mayafina tana tambayar sunan yadin. Vasile ya sa farar riga, wuyanta ya yi masa yawa.

Al'adarsu ce a irin wannan zama kowane baƙo ya miƙe ya yi wa masu gida fatan alheri. Da aka zo kaina na ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa tsufansu ya zo tare. Dorina ta fassara, matan suka ji daɗi, Mama Vera ta aiko mini da cinyar kaza.

Sai Raymond ya miƙe. Ya ce yana so kowa ya san irin mutumin da za a ba 'ya. Ya ce shi da Vasile sun fito daga rami ɗaya, kuma namijin da ya shiga kurkuku ya fito da zuciyarsa a wanke ya fi wanda bai taɓa faɗuwa ba. Dorina ba ta ko ƙifta ido ba, ta yi ta fassara da murmushi. Daga baya ta ce mini cewa ta yi baƙon yana yaba tuƙin Vasile da kyawun ƙauyen. Mutane suka gyaɗa kai, suka ɗaga kofuna. Da a nan Raymond ya tsaya da an wuce wajen.

Amma ya ga fuskokin ba su motsa yadda ya saba gani ba, ya zaci maganar ce ba ta isa ba. Sai ya ajiye kofinsa. Ya haɗa wuyan hannayensa biyu ya ɗaga sama kowa ya gani. Ya nuna kansa, ya nuna Vasile. Sannan ya fizge hannayen kamar ya tsinke sarƙa, ya zagayo ya rungume shi, idonsa cike da hawaye.

Ya tsaya yana jiran tafi. Abin da kawai ake ji shi ne ƙudan zuma a kan inabi.

Ba wanda ya ɗaga murya. Malam Petru ya ƙarasa abin da ke kofinsa, ya goge baki, ya gode wa Mama Vera da abinci mai daɗi. Ya ce hanya da nisa, gara su kama ta da rana. 'Yan'uwansa suka miƙe. Liliya ce ta ƙarshe. Ta dubi Vasile sau ɗaya, shi kuma yana kallon teburi, sannan ta bi mahaifinta. Ba a yi maganar rana ba.

Na ja Dorina gefe na ce ashe tsohon bai sani ba.

"Ya sani," in ji ta. "Tun kafin ta fara kula shi ya sani. Liliya ma ta sani."

"To me ya canza?"

"Jiya yana iya cewa ya ba da 'yarsa ga mutumin da ya yi aiki a Italiya. Yau an nuna masa a gaban ƙannensa da matansu. Ba zai iya cewa bai gani ba."

Ban buƙaci ƙarin bayani ba. Duk wadda ta tashi a gidan Hausa ta san wannan.

Da Raymond ya fahimci abin da ya faru sai ya zauna a bakin rijiyar gidan. Ya ce a kai shi wajen tsohon ya ba da haƙuri. Dorina ta ce in ya je ya faɗa sau biyu ke nan. Ya juyo gare ni ya ce, "Ƙanwata, ban san wata karramawa da ta fi wannan ba. Ita kaɗai gare ni, ita na ba shi." Mama Vera ta kwashe kwanuka ita kaɗai, ta ƙi a taya ta. Da ta gama ta zuba abinci a faranti ta kai masa har bakin rijiyar, don baƙo baƙo ne.

Vasile ne ya kai mu filin jirgi ranar tafiya. Da muka isa ya sauke akwatin Raymond da kansa, ya riƙe hannunsa ya faɗi wata gajeriyar magana. Dorina ta fassara. Wai kada ya ɗora wa kansa. Wai tun da ya fito kowa yana tambayarsa Italiya, Raymond kaɗai ne ya tambaye shi inda ya je.

Har yau ina juya wannan maganar. Mutum kaɗan na sani a ƙasashen nan biyu, ba zan yanke wa al'umma hukunci da su ba. Amma na ga wanda mutanensa suka ba shi baki suka hana shi ɗaki, na ga wanda aka ba shi ɗaki da mota da uwa mai jira, da sharaɗin ya haɗiye shekarunsa har ya mutu. Ban san wanne ya fi kaɗaici ba.

Da safiyar da za mu bar ƙauyen Mama Vera ta shigo ɗakina da jakar gyaɗar turawa mai ƙwanso, irin wadda ke zuba a bakin hanyoyinsu. Sannan ta je kan akwatin nan ta zaro tawul ɗaya, mai tsuntsaye biyu, ta rataya mini a kafaɗa. Na ce ai na biki ne, ba zan karɓa ba. Ta gyara masa zama a wuyana ta ce sun yi mata yawa yanzu.

Na riƙe fatan cewa in ƙura ta lafa tsohon zai sauko. Bayan na dawo da 'yan makonni Dorina ta kira ni. Ta ce Liliya ta samu aikin kula da tsofaffi ta tafi Italiya. Ita tata Italiyar ta gaske ce.

Wannan shi ne tawul ɗin da kuka gani a ɗakina kuna tambayar a wane kanti na saya.

Ranar da na iso Lugbe na ba Mama labarin tun daga farko. Ba ta katse ni ba. Da na kai wajen rungumar sai ta rufe ido ta ce, "Bawan Allah. Da zuciya ɗaya ya tona shi."

Kwana biyu bayan haka Kawu Bala ya zo yi mini sannu da zuwa. Ina zaune a falo na ji sallamarsa. Na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin ƙofa, ƙofar a buɗe, yana jira. Da aka kawo masa abinci ya jawo kwanon ya kare shi da hannu. Tun ina yarinya nake ganin haka, sai ranar na gani. Ya tambaye ni ko kilishin ya yi daɗi, na ce ya yi, Kawu. Na ba shi gyaɗar Mama Vera, ya yi ta juya ɗaya a tafin hannunsa yana mamakin taurin ƙwanson.

Bayan ya tafi na sami Mama a ɗakina, tawul ɗin yana hannunta tana duba ɗinkin.

"Mama, wai Kawu wane irin kasuwanci ya yi a Kamaru?"

Ta ninke tawul ɗin biyu, ta sake ninkewa, ta daidaita gefunan da yatsa.

"Kasuwanci dai," ta ce.

Na ce to. Ban sake tambaya ba, kuma ba zan tambaye shi ba. Na daɗe ina shawara kafin in sa wannan a takarda, kuma sunan da na ba shi a nan da garin duk ba nasa ba ne. Wani lokaci nakan tuna maganar Vasile a filin jirgi, in ji kamar in tafi gonarsa in zauna kusa da shi in ce, Kawu, yaya wajen yake? Sai in tuna teburin nan da ƙudan zuma. Abin da na iya kawai shi ne, yanzu in na ji tafiyarsa a tsakar gida nakan riga shi zuwa ƙofa, in ce ya shigo tun kafin ƙafarsa ta tsaya.